Yadda ake rubuta taƙaitaccen tarihin mutanen da aka haifa a shekara ɗaya: misali da 'yan 1918

Gamal Abdel Nasser na Masar da Nelson Mandela na Afirka ta Kudu sa'annin juna ne, wata shida ne kacal a tsakaninsu. Ranar da Nasser ya rasu, 28 ga Satumba 1970, yana da shekara 52, ya riga ya tumɓuke sarki, ya ƙwace mashigin ruwa na Suez, ya sha kashi a yaƙin 1967 da Isra'ila, ya kuma ga an kammala madatsar ruwa ta Aswan. A wannan rana Mandela yana tsare a tsibirin Robben, saura shekara 19 da 'yan watanni a sake shi, mulki kuwa sai 1994. Mai karanta tarihin kowannensu shi kaɗai ba zai lura da wannan ba. Sai an jera su kafaɗa da kafaɗa yake fitowa, kuma shi ne amfanin tara 'yan shekara ɗaya a rubutu guda. Idan jerin bai nuna wa mai karatu yadda shekaru iri ɗaya suka faɗa wa mutane daban-daban ba, to tarin sunaye kawai aka yi.

Abin da ke biye hanyar aikin ce daga zaɓen shekara har zuwa duban ƙarshe, kuma duk misalan daga 1918 suke, in ban da inda aka faɗi wata shekarar.

Zaɓen shekara da zaɓen mutane

Shekarar da za ta yi daɗin aiki ita ce wadda mutanenta suka gama rayuwa, ko kusan dukansu, kuma akwai takardu a kansu. Daga wajen 1850 zuwa 1930 ya fi sauƙi. Kafin nan ranakun haihuwa suna yawan zama hasashe, bayan nan kuma za ka riƙa cin karo da rayayyu, waɗanda labarinsu bai rufe ba. Ya kuma kyautu shekarar ta zo da wani abu nata. 1918 tana da biyu: ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya ranar 11 ga Nuwamba, da annobar mura da ta kashe miliyoyin mutane a faɗin duniya.

Fara da tara sunaye 30 zuwa 40 ba tare da tacewa ba. Daga nan ka rage su zuwa 8 ko 10. Ƙasa da 6 ba a ganin kamanni da bambanci sosai, sama da 12 kuma mai karatu a waya ya gaji kafin ya kai ƙarshe. Wajen ragewar ne yawancin jerin suke lalacewa, domin hannu yana zuwa kan shugabannin ƙasa ne da kansa. A 1918 kaɗai akwai Nasser, Anwar Sadat, Mandela, François Tombalbaye na Chadi, Sheikh Zayed na Abu Dhabi, Helmut Schmidt na Jamus ta Yamma, Nicolae Ceaușescu na Romaniya da Kurt Waldheim na Ostiriya. In ka ɗauke su duka, ka cika jerin da maza masu mulki, labari ɗaya ana ta maimaita shi: ya hau, ya yi, ya sauka. Sa wa kanka iyaka. Kada fanni ɗaya ya wuce rabin jerin, kada ƙasa ɗaya ta wuce mutum uku, kuma a samu mata aƙalla biyu ko uku. Da wannan ma'auni za a samu gurbin Albertina Sisulu, ma'aikaciyar jinya kuma 'yar gwagwarmaya. Gertrude Elion mai haɗa magunguna. Katherine Johnson mai lissafin tafiyar kumbo. Frederick Sanger masanin sinadarai. Da Ahmed Deedat mai wa'azi da muhawara.

Shahara daban, nagarta daban. Ceaușescu ya cancanci shiga saboda girman abin da ya yi wa Romaniya da yadda ya ƙare, an harbe shi tare da matarsa ranar 25 ga Disamba 1989. Jerin da babu azzalumi ko ɗaya a ciki ya fi kama da takardar karramawa.

Tabbatar da shekarar haihuwa

Nan ne ya kamata rabin lokacinka ya tafi. Duk ginin yana kan lamba ɗaya, in ta goce mutumin ba shi da hurumin zama a jerin.

Kowane suna ka nemo masa majiya biyu da ba su kwafi juna ba. Shafukan intanet goma da suka ɗauko daga Wikipedia majiya ɗaya ce, ba goma ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: in jimlolin iri ɗaya ne, ko kuskuren rubutu ɗaya ya bayyana a cikinsu duka, daga rijiya ɗaya aka ɗebo. Majiya mafi ƙarfi ita ce wadda aka rubuta kusa da lokacin haihuwar, wato rajistar haihuwa ko ta baftisma. Sai rajistar makaranta da fayil ɗin aikin soja ko na gwamnati. Sai abin da mutumin ya faɗa da bakinsa. Ta'aziyyar jarida ita ce ta ƙarshe, domin cikin gaggawa ake rubuta ta. Rajistar makaranta ma sai da taka-tsantsan, saboda iyaye da malamai sun sha rage wa yaro shekaru ko su ƙara masa don a ɗauke shi.

Bayan binciken, raba sunayen gida uku. Gida na farko, waɗanda rana da wata da shekara duk sun tabbata, kamar Mandela, 18 ga Yuli 1918 a Mvezo, da Sanger, 13 ga Agusta 1918. Gida na biyu, waɗanda aka yarda da shekarar amma ranar ba ta da tushe mai ƙarfi. Sheikh Zayed yana nan, domin ba a rajistar haihuwa a Abu Dhabi a wancan zamani. Irinsa sai a rubuta "an haife shi wajen 1918", a bar rana. Gida na uku, waɗanda majiyoyi suka saɓa a kan shekarar kanta. Ahmed Ben Bella, shugaban Aljeriya na farko, wasu suna ba shi 1916, wasu 1918. Irin wannan a cire shi, ko da kuwa shi ne zai fi ƙawata jerin. Matsalar ta zama ruwan dare ga shugabannin Afirka na wannan tsara. Sardauna Ahmadu Bello ana samun 1909 da 1910. Kwame Nkrumah, fada na coci ya rubuta masa 1909, lissafin mahaifiyarsa kuma ya kai 1912.

Ranar 1 ga Janairu abar zargi ce duk inda ka gan ta. Sau da yawa magatakarda ne ya cike gurbi da ita saboda ba a san ranar ba. A tsofaffin takardun ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, irin su Nijar da Chadi, sukan rubuta "né vers" kafin shekarar, alamar cewa ƙiyasi ne. Kada ka share wannan alama wajen mayar da bayanin Hausa.

Ranar da aka rubuta da lambobi zalla ma tarko ce. Amurkawa suna fara sa wata kafin rana, don haka ranar da aka kashe Sadat, 6 ga Oktoba 1981, za ta fito 10/6/1981 a wurinsu, wani ya karanta ta 10 ga Yuni. A naka rubutun, sunan wata da haruffa kullum.

Rikicin kalanda

Shekarar 1918 tana da wani tarko nata na musamman. Har farkon wannan shekara Rasha tana kan tsohuwar kalandar Juliyan, wadda take bayan ta yanzu da kwana 13. Gwamnatin Bolshebik ta sauya, aka kwana 31 ga Janairu 1918 aka tashi 14 ga Fabrairu. Abu biyu ke biyo baya. In ka ga an ce an haifi wani a Mosko ranar 5 ga Fabrairu 1918, to ko dai an riga an juya ranar zuwa sabon lissafi, ko kuskure ne, domin wannan rana ba ta zo a kalandar garin ba. Na biyu, wanda aka haifa a Rasha daga 19 zuwa 31 ga Disamba 1917 a tsohon lissafi ɗan 1918 ne a sabo. Romaniya ba ta sauya ba sai 1919, Girka sai 1923. Duk wanda aka haifa a waɗannan ƙasashe cikin Disamba ko Janairu, sai ka gano da wace kalanda aka rubuta ranarsa.

Ga malamai da sarakunan Musulmi kuwa, sau da yawa shekarar Hijira ce za ka tarar. Lissafin gaggawa: cire kashi 3 cikin 100 daga shekarar Hijira, ka ƙara 622. Misali 1336, cire 40 saura 1296, a ƙara 622 ya ba da 1918. Amma wannan yana nuna shekarar da mafi yawan watannin suka faɗa ne kawai. Shekarar 1336 ta kama ne a tsakiyar Oktoba 1917, don haka wanda aka haifa a Muharram ko Safar na wannan shekara ɗan 1917 ne. Shekarar 1337 kuma ta kama wajen 7 ga Oktoba 1918, ke nan Muharram da Safar da mafi yawan Rabi'ul Awwal nata suna cikin 1918, sauran duk 1919. In majiya ta ba da shekarar Hijira babu wata, abin da za ka iya rubutawa shi ne "1336 Hijira, wato 1917 ko 1918", kuma mutumin ya koma gida na biyu ko na uku. Haka shekarun rayuwa: wanda aka ce ya yi 100 a lissafin Hijira, 97 ya yi a Miladiyya.

Kalandar Habasha tana baya da shekara 8 daga Janairu zuwa farkon Satumba, da shekara 7 bayan sabuwar shekararsu ta 11 ga Satumba. Ɗan 1918 a takardar Habasha zai fito 1910 ko 1911.

Wanda yake son saka mutumin ƙasar Hausa a jerin zai haɗu da lissafin baka: an haife shi "shekara biyu bayan zuwan Turawa", ko "da yunwar Kakalaba". Waɗannan suna da amfani in an san shekarar abin da aka jingina da shi. Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Turawan Ingila a 1903, layin dogo ya iso Kano a 1911, Kakalaba kuma 1913 zuwa 1914 ce. Sai dai irin wannan lissafi yana iya gocewa da shekara ɗaya ko biyu, don haka a gwada shi da takarda, ko a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ko a Arewa House, kafin a ce mutum ɗan shekara kaza ne.

Jadawalin shekaru

Kafin ka rubuta jimla ko ɗaya, zana jadawali. Sunaye a gefe, a sama kuma shekaru biyar ko shida da ka zaɓa, ka cike abin da kowa yake yi a kowace. Ga 'yan 1918, waɗannan suna aiki: 1939, 1952, 1963, 1970, 1981, 1994. Jadawalin ba na bugawa ba ne, kayan aikinka ne, daga cikinsa ake haƙo abin da zai ɗaure jerin.

Duba abin da layin 1952 yake bayarwa. Ranar 23 ga Yuli Nasser da abokansa hafsoshi suka kifar da Sarki Faruk, kuma Sadat ne ya karanta sanarwar a rediyo. A wannan shekara Mandela da Oliver Tambo suka buɗe ofishin lauyoyi a Johannesburg. Layin 1963 ya fi shi: a watan Mayu Nasser da Tombalbaye suna Addis Ababa a matsayin shugabannin ƙasa wajen kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, Mandela yana kurkuku, kuma a cikin shekarar aka tsare Albertina Sisulu ƙarƙashin dokar tsarewa ta kwana 90 ba tare da shari'a ba. Shekarun hawa mulki ma abin lura ne. Nasser ya zama shugaban ƙasa a 1956 yana da 38, Tombalbaye a 1960 yana da 42, Sadat a 1970 yana da 51, Mandela a 1994 yana da 75. Sanger da Mandela kuwa, wata ɗaya ne tsakanin haihuwarsu, kwana 16 tsakanin rasuwarsu: 19 ga Nuwamba da 5 ga Disamba 2013, dukansu suna da 95.

Gargaɗi a nan: shekarar haihuwa ba ta sa mutum ya zama komai. Rubutun da ya ce "shekara ce mai albarka da ta haifi gwaraza" ya kama hanyar masu duba taurari. Miliyoyin da aka haifa a 1918 ba a san sunansu ba, da yawa ma annobar ta tafi da su suna jarirai. Alaƙar da za ka nuna ita ce ta zahiri. Mahaifiyar Albertina Sisulu ta kamu da murar 1918, ta tsira amma ba ta sake samun cikakkiyar lafiya ba, sai renon ƙanne ya faɗo kan Albertina har ya katse mata karatu na wani lokaci. Wannan alaƙa ce ta gaskiya tsakanin shekara da rayuwa. Haka cewa duk 'yan 1918 sun cika 21 a shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, shi ya sa Schmidt da Waldheim suka yi yaƙin cikin kakin sojan Jamus.

Ginin kowane taƙaitaccen tarihi

Kalma 150 zuwa 200 ta isa mutum ɗaya. Mutum goma ke nan kalma 1,500 zuwa 2,000, da gabatarwa ta 120 zuwa 150. Ba dole ba ne kowa ya samu daidai da ɗan'uwansa. Wanda mai karatu ya sani sosai, kamar Mandela, a taƙaita shi a ba da abin da ba a cika faɗa ba. Wanda ba a sani ba a ba shi fili.

Abubuwa biyar ake nema a ciki. Inda aka haife shi da halin da wurin yake ciki a lokacin, jimla ɗaya ko biyu. Abin da ya sa shi a kan hanya, ko karatu ko sana'a ko wani abin da ya same shi. Babban aikin da ya sa ake tuna shi, da shekara da wuri, kuma wannan ya ci kusan rabin kalmomin. Abin da aikin ya jawo, ko laifin da ake ɗora masa. Sai rasuwa: rana, dalili in an sani, da shekarunsa. Ga yadda yake fitowa:

"François Tombalbaye (1918–1975). An haife shi ranar 15 ga Yuni 1918 a Bessada, kudancin Chadi, cikin ƙabilar Sara, lokacin ƙasar tana hannun Faransa. Malamin makaranta ne da ya shiga harkar ƙwadago, daga nan ya faɗa siyasa a jam'iyyar PPT. Shi ya karɓi 'yancin kan Chadi ranar 11 ga Agusta 1960 yana da shekara 42. Ba a yi shekara biyu ba ya haramta jam'iyyun adawa. Tsananin karɓar haraji ya tayar da bore a Mangalmé a 1965, shekara ta gaba aka kafa ƙungiyar 'yan tawaye ta FROLINAT a Nyala ta Sudan, har ta kai shi ga neman agajin sojojin Faransa. A 1973 ya sauya sunan babban birni daga Fort-Lamy zuwa N'Djamena, ya ajiye sunan François ya koma Ngarta, ya kuma tilasta wa ma'aikatan gwamnati 'yan kudu shiga yondo, al'adar Sara ta shigar da samari sahun manya. Sojoji suka kashe shi a juyin mulkin 13 ga Afrilu 1975 yana da shekara 56. Janar Félix Malloum, wanda Tombalbaye ya tsare tun 1973, shi ya gaje shi."

Babu inda aka kira shi azzalumi ko ɗan kishin ƙasa. An jera abin da ya yi, mai karatu ya yanke hukunci. Kalmomi irin su "gwarzo", "haziƙi", "fitacce", "wanda ba za a manta da shi ba" cin wuri kawai suke yi. Duk inda ɗaya ta shigo, tambayi kanka wane aiki ne ya sa ka ce haka, ka rubuta aikin ka goge kalmar.

Masana kimiyya sun fi 'yan siyasa wahalar rubutawa, domin sai ka fahimci aikin kafin ka iya faɗinsa a jimla biyu. Dabarar ita ce a nemo inda aikin ya taɓa rayuwar mai karatu:

"Gertrude Elion (1918–1999). An haife ta a New York ranar 23 ga Janairu 1918. Tana da shekara 15 cutar kansa, wato ciwon daji, ta kashe kakanta, abin da ya sa ta zaɓi karatun sinadarai. Ta gama digiri a 1937, amma ta daɗe ba ta samu aikin bincike ba saboda ba a ɗaukar mata, sai da yaƙi ya kwashe maza. A 1944 ta shiga ɗakin gwajin George Hitchings a kamfanin Burroughs Wellcome. A maimakon gwada sinadarai barkatai ko za a dace, su biyun suka riƙa nazarin yadda ƙwayar cuta ko ta kansa take hayayyafa, su ƙera abin da zai toshe mata hanya. Ta haka aka samu mercaptopurine na kansar jini ta yara, azathioprine da ya sauƙaƙa dashen ƙoda, da pyrimethamine na zazzaɓin cizon sauro, wanda yana cikin maganin da ake ba masu juna biyu a wajen awo har yau. Ta samu kyautar Nobel a 1988 tare da Hitchings da James Black, alhali ba ta kammala digirin digirgir ba. Ta rasu ranar 21 ga Fabrairu 1999 tana da shekara 81."

Kurakuran da suka fi yawa

Na farko lissafin shekaru. Cire shekarar haihuwa daga ta rasuwa bai isa ba, sai an duba ko ranar haihuwar ta zagayo a shekarar ƙarshe. Sadat: 1981 a cire 1918 ya ba da 63, amma an haife shi 25 ga Disamba, an kashe shi 6 ga Oktoba, ke nan 62. Katherine Johnson ta rasu 24 ga Fabrairu 2020, an haife ta 26 ga Agusta, 101 ke nan ba 102 ba. Albertina Sisulu, 21 ga Oktoba 1918 zuwa 2 ga Yuni 2011, 92. A jerin mutum goma, kusan rabi sukan faɗa wannan rami.

Na biyu kalmar "na farko". Nasser ba shi ne shugaban Masar na farko ba, Muhammad Naguib ne, daga 1953. Mandela shi ne baƙar fata na farko da ya shugabanci Afirka ta Kudu, kuma na farko da aka zaɓa a zaɓen da kowa ya jefa ƙuri'a, amma an yi shugabanni kafinsa. Duk "na farko", "mafi girma", "shi kaɗai" sai an bincike su daban.

Na uku matse abubuwa biyu su zama ɗaya saboda taƙaitawa. Ana yawan rubuta cewa Mandela ya yi shekara 27 a tsibirin Robben. Shekara 27 jimillar zaman kurkukunsa ce, daga kama shi a Agusta 1962 zuwa 11 ga Fabrairu 1990. A tsibirin 18 ya yi, 1964 zuwa 1982, sauran a Pollsmoor da Victor Verster da kuma Pretoria tun farko. Haka cewa an ba Sadat Nobel saboda yarjejeniyar zaman lafiya ta 1979 tsakanin Masar da Isra'ila: kyautar ta 1978 ce, bayan tattaunawar sulhu ta Camp David a Amurka, yarjejeniyar kuwa sai 26 ga Maris 1979 aka sa mata hannu. Sanger sau biyu ya samu, kuma a kan aiki biyu daban: 1958 don gano tsarin insulin, 1980 don hanyar karanta jerin DNA.

Na huɗu zance a bakin mamaci. Intanet cike take da maganganun hikima da aka liƙa wa Mandela. In ba ka ga jawabin ko hirar da maganar ta fito ba, da wuri da shekara, bar ta. Tarihi mai kalma 200 ba ya ma bukatarta.

Na biyar ɓoye abin da ba shi da daɗi. Tarihin Nasser da babu shan kashin 1967 da ɗaure 'yan adawa bai cika ba. Na Waldheim da ya tsaya a kan Sakatare-Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1972 zuwa 1981, bai ambaci yadda aka bankaɗo a 1986 cewa ya ɓoye wani sashe na aikinsa a rundunar Jamus ba, ya ha'inci mai karatu. Inda mutane suka rabu a kan mutum, kamar Sadat da ziyararsa ta Ƙudus a Nuwamba 1977, a faɗi su wa suka yaba, su wa suka kira ta cin amana.

Jeri, sunaye da ladabin harshe

Jeri mafi inganci shi ne bin ranar haihuwa daga Janairu zuwa Disamba, domin ba ya fifita kowa, ba kuma mai cewa don me aka sa wane a gaban wane. A 1918 yana ma zuwa da sa'a: Nasser, 15 ga Janairu, shi ke buɗewa, magajinsa Sadat, 25 ga Disamba, shi ke rufewa. A tsakani Deedat, wanda aka haifa a yankin Surat na Indiya ranar 1 ga Yuli ya koma Afirka ta Kudu a 1927, yana faɗowa dab da Mandela. Waɗanda ba a san ranarsu ba, kamar Sheikh Zayed, su zo ƙarshe. Jeri bisa shahara rigima yake jawowa.

Sunan mutum a zaɓi rubutu ɗaya a tsaya a kai. Ko Gamal Abdel Nasser ko Jamal Abdul Nasir, kada a gauraya. Na farkon ya fi sauƙin samu ga mai son ƙarin bincike. Cikakken suna sau ɗaya a farko, daga nan suna guda. Sunayen ƙasashe da birane da Hausa ta riga ta san su a bar su yadda aka saba: Masar, Alƙahira, Habasha, Siriya. Muƙami a ba mutum wanda yake riƙe da shi a lokacin da ake magana. Zayed ya zama sarkin Abu Dhabi a 1966, shugaban Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma daga 2 ga Disamba 1971, don haka ba a kiransa shugaban ƙasa a labarin 1960.

"Ya rasu" da "ya mutu" ba nauyinsu ɗaya ba a kunnen Bahaushe. In ka ce wannan ya rasu, wancan ya mutu, ka yanke hukunci ko ba ka yi niyya ba. Zaɓi ɗaya ga kowa, sai wanda aka kashe a ce an kashe shi. "Marigayi" ba ta da aiki a jerin da kowa ya riga mu gidan gaskiya.

Gabatarwa da duban ƙarshe

Gabatarwa ita ake rubutawa daga baya, bayan an ga abin da jadawali ya bayar. Ta faɗi halin da duniya take ciki a shekarar, amma ta wuraren da mutanenka suka fito: Masar tana ƙarƙashin Birtaniya, saura shekara ɗaya boren 1919, dokar filaye ta 1913 ta riga ta keɓe wa baƙaƙen Afirka ta Kudu kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasarsu, tsarin mulkin Amurka bai ba mata ƙuri'a ba sai 1920, ba a gano insulin ba sai 1921. Ta kuma faɗi ma'aunin da aka bi wajen zaɓe da wanda aka cire saboda saɓanin shekara, don kada a yi ta tambayar ina Ben Bella.

Duban ƙarshe zagaye uku ne, kowanne da abin da yake nema. A na farko lambobi kawai za ka bi, ka ja layi ƙarƙashin kowace rana da shekara ka gwada ta da takardar bincikenka, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. A na biyu sunaye da haruffa masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, domin wayoyi da yawa suna mayar da su b, d, k wajen kwafa da liƙawa. A na uku ka karanta da ƙarfi. Jimlar da numfashi ya yanke kafin ta ƙare a raba ta biyu, kuma in tarihi uku a jere sun fara da "An haife shi", a sauya mabuɗin ɗaya, a fara da aikin mutumin a dawo da haihuwar jimla ta biyu. Hoto kuma a tabbatar na mutumin ne, an halatta amfani da shi, a rubuta shekarar da aka ɗauke shi a ƙasansa. Na Mandela na bukatar kulawa ta musamman: gwamnatin wariyar launin fata ta hana buga hotonsa tsawon zamansa a kurkuku, don haka hoton da aka ce na shekarun 1970 ne, a bincika asalinsa sosai kafin a saka.